Famfas mai ruɓewa: da me ake yin sa, kuma a ina zai ruɓe?

Wanda duk ya leƙa kwata bayan ruwan farko na damina a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san abubuwan da ke toshe ta: ledar fiyawota, robar lemo, sai famfas ɗin yara da ya sha ruwa ya yi suntum. Roba tana da kasuwa wajen 'yan bola jari. Famfas kuwa ba mai so. Ba ya sayuwa, ba ya cin wuta sosai saboda laima, akuya ta ja shi, kare ya yaga shi, kashin da ke ciki ya bi ruwa. A ƙasashen da yaro ke sa shi tun daga haihuwa har ya iya zuwa banɗaki, ana ƙiyasta yaro guda yana ɓata tsakanin 4,000 zuwa 6,000. Namu ba sa kaiwa nan, don iyaye mata na ɗora yaro a fo da wuri, tsada kuma na sa a taƙaita shi ga dare da fita unguwa. Duk da haka yawan jariran da ake haifa kullum ya isa ya tara tsibi.

Shi ya sa idan mutum ya ga ƙunshi mai zanen koren ganye, an rubuta cewa kayan ciki suna ruɓewa, sai ransa ya yi sanyi. Ina son wannan alkawari ya zama gaskiya. Amma ruɓewa aiki ne na ƙananan halittu, kuma ba sa yin sa sai sun sami abin da za su iya ci, a wurin da ke da laima da iska da ɗumin da suke so. Saboda haka tambaya biyu ce a haɗe: da me aka yi famfas ɗin, kuma ina zai faɗa bayan an cire shi daga jikin yaro? Yawancin masu ƙira sun duƙufa a kan ta farko. A ganina ta biyun ce ya kamata ta ja ragamar ƙirar.

Idan aka yanka famfas gida biyu, za a ga hawa-hawa ne. Shimfiɗar da ke taɓa fata ba yadi ba ce, zaren roba ne na folifirofilin da aka baza aka manne da zafi ba tare da saƙa ba. An zaɓe shi ne don ba ya riƙe ruwa: fitsari ya ratsa shi ya wuce, fata ta zauna a bushe. Ƙarƙashinsa akwai wata 'yar shimfiɗa mai karɓar fitsarin ta watsa shi gaba da baya, don kada ya taru wuri guda. Sai cikin, inda ake ajiye ruwan. Daga waje kuma ledar folitilin ce, wadda ake cakuɗa ta da garin dutsen alli a ja ta har ta yi ƙananan ƙofofi, tururi ya fita amma ruwa ba ya bi. A ƙara da zaren roba mai talewa na cinya da ƙugu, da mannen gefe, da gam da ke riƙe da dukkansu. Daga cikin waɗannan, abu guda ne kaɗai ke ruɓewa tun asali, wato farin ɓargon itace mai kama da auduga da ke ciki, wanda mafi yawansa ake samowa daga itatuwan fayin na kudu maso gabashin Amurka saboda tsawon zarensu.

Lokacin da kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a 1961, takarda da ɓargon itace ne ke yin duk aikin shan fitsari, shi ya sa famfas na da yake da kauri, kuma yana yoyo. Abin da ya canza komai wani gari ne fari mai kama da gishiri. A farkon shekarun 1970 masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka a garin Peoria suka haɗa sitaci da wani sinadari, suka sami abu mai shan ruwa ninki ɗaruruwa na nauyinsa. A 1978 kamfanin Sanyo Chemical na Japan ya kai irin wannan gari kasuwa, aka fara da audugar mata, a farkon shekarun 1980 kuma ya shiga famfas. Daga baya aka yar da sitacin gaba ɗaya aka koma wanda ake yi zalla daga sinadaran man fetur, sodiyam foliyakirilet, wanda masana'antar ke kira SAP. Da zuwansa nauyin famfas a Turai ya ragu da kusan rabi tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 2010. An rage shara ta fuskar nauyi, sai dai ɓangaren da aka rage shi ne mai ruɓewa, aka ƙara wanda ba ya ruɓewa.

Yadda garin ke aiki shi ne asalin wahalar maye gurbinsa. Kowace ƙwaya dogayen sarƙoƙin sinadari ne da aka ɗaɗɗaure da juna, ɗauke da sodiyam mai yawa. Ruwa kan bi inda gishiri ya fi yawa, don haka yana kutsawa cikin ƙwayar, ita kuma ta kumbura, ɗaurin ya hana ta narkewa. A tataccen ruwa tana shan ninki ɗaruruwa, amma fitsari da gishirinsa yake zuwa, sai shan ya faɗo zuwa wajen ninki 30. Ko wannan ma ba shi ne babban gwaji ba. Yaro zama yake yi, a goya shi, ya yi birgima. Soso ma yana shan ruwa, amma da an danna shi ya mayar. Garin SAP yana riƙe abin da ya sha ko da an hau kansa, kuma wannan riƙon ne ke raba fata da laima. Laima kuwa ita ce mafarin ƙurajen gindi: ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna farfasa fitsari ya koma amoniya, fata ta jiƙa ta yi laushi, sai ta saɓe.

Akwai wata matsalar da duk mai girki za ta gane. Idan aka zuba gari cikin ruwan zafi ba a dama ba, sai ya yi gudaji, waje ya nuna ciki yana bushe. Haka garin sha-ruwa yake yi idan ƙwayoyinsa sun cika laushi: na sama su kumbura su manne, su toshe hanya, fitsari na biyu ya rasa wurin shiga ya bi cinya, alhali rabin garin bai ga ruwa ba. An ɗauki shekaru ana gyara wannan a SAP na fetur, ta hanyar ƙara ɗaure bayan kowace ƙwaya don ta yi tauri a waje, ta bar hanya tsakaninta da 'yar'uwarta.

Yanzu a dubi masu neman gadonsa. Ana gwada sitacin masara da na rogo, da selulos ɗin itace da aka sarrafa aka ɗaure da sinadarin tsamin lemo, da sinadarin ciyawar teku, da na ɓawon jatan lande, da wani mai yauƙi da ƙwayoyin halitta ke yi a cikin waken soyan da Japanawa ke ruɓarwa. Duk suna sha, wasu ma sosai. Inda suke faɗuwa shi ne riƙo a ƙarƙashin nauyi, da gudajin nan, da tsada. Dalilin kuma yana cikin ginin sinadarin. Sarƙar SAP kabon ne manne da kabon tun daga farko har ƙarshe, irin na leda, ƙananan halittu ba su da abin yanka shi cikin sauƙi. Sarƙar sitaci da ta selulos kuwa tana da gaɓoɓi masu iskar oksijin, waɗanda halittun ƙasa suka saba yankawa. Gaɓar da ke ba da damar ruɓewa ita ce kuma ke sa abin ya yi rauni cikin fitsari mai ɗumi, ko ya fara lalacewa a sito mai laima kafin a sayar. Mai ƙira yana son abu ya jure shekara biyu ko uku a kanti da dare guda a jikin yaro, sannan ya ruguje cikin 'yan watanni. Wannan ne ya sa mafi yawan famfas ɗin da ake tallatawa da koren ganye har yanzu SAP na fetur ne a cikinsu. Akwai kamfanonin da ke yin sinadarin daga tsirrai, amma abin da ke fitowa a ƙarshe foliyakirilet ɗin nan ne dai, ba zai ruɓe ba.

A nan ake yawan rikita mai saye. Fitowa daga tsiro daban, ruɓewa daban. Kamfanin Braskem na Birazil yana yin folitilin daga rake, kuma ledar da ke fitowa ba ta da bambanci da ta fetur wajen daɗewa a ƙasa. A ɗaya gefen, robar PBAT, irin wadda kamfanin BASF na Jamus ke sayarwa da sunan ecoflex, daga fetur take amma tana ruɓewa a taki. Kamfanin Novamont na Italiya yana haɗa irin wannan roba da sitaci ya yi ledar Mater-Bi, kuma ledar bayan famfas na cikin sassan da aka fi samun nasarar canzawa da irinta. Sai robar PLA, wadda ake yi daga sukarin masara a jihar Nebraska ta Amurka ko na rake a Tailan, ana kuma iya mayar da ita zare ta tsaya a madadin shimfiɗar sama. Masu sa auduga a wannan shimfiɗa suna samun taushi da ruɓewa, amma auduga tana riƙe laima a jikin fata, dole a riƙa canza wa yaro da wuri.

Batun gora ya cancanci tsayawa kaɗan, don kayan da ake cewa da zaren itacen gora aka yi su sun cika kasuwa. Zaren gora mai laushin nan ba kai tsaye daga kara yake zuwa ba. Ana narkar da ɓargon goran da soda mai ƙarfi da wani sinadari mai guba ga ma'aikata, kabon daisalfaid, sannan a sake jan sa ya zama zare. Zaren yana ruɓewa, amma bai riƙe komai na halin gora ba. A 2022 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta sa manyan kantunan Walmart da Kohl's biyan tarar dala miliyan 5.5 a haɗe, saboda sayar da irin wannan yadi da sunan gora tare da da'awar kare muhalli. Akwai kuma ledar da ake zuba wa sinadarin da ke sa ta marmashe a rana. Ba ruɓewa take ba, ɓarɓashi take komawa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana ta a dokarta ta 2019 kan robobin amfani sau ɗaya. Dokar ce kuma ta tilasta a rubuta a jikin ƙunshin audugar mata da tsumman goge jiki cewa akwai roba a ciki.

To a ce an dace, kowace shimfiɗa an yi ta da abu mai ruɓewa. Ina za a kai ta? Ma'aunin Turai mai suna EN 13432 yana cewa abu ya cancanci tambarin taki idan ya marmashe cikin mako 12, kuma kashi 90 cikin 100 nasa ya koma iska da ruwa cikin wata 6. Amma gwajin a masana'antar taki ake kwatanta shi, inda zafi ke wajen digiri 58 a ma'aunin Salshiyas, da laima, ana juyawa iska na shiga. PLA sai ta kai kusa da wannan zafi take sakin jiki ruwa ya fara tsinka ta. Ƙasa da haka tana iya shekaru tana nan. Wani zai ce ai mu rana ba ta yi mana ƙaranci ba, Sakkwato da Agadas sukan haura digiri 40 a bazara. Gaskiya ne, amma lokacin da zafin ya kai haka babu laima, abin da ke saman bola bushewa yake yi, ba ruɓewa ba. Masai kuma yana da laima amma ba iska, ba kuma wannan zafin. Cikin tsibin juji ma haka. Masanin nan na Jami'ar Arizona, William Rathje, wanda ya shafe shekaru yana haƙa manyan jujin Amurka, ya riƙa tono jaridu masu shekaru gommai da har yanzu ake iya karantawa. Abin da ya samu ya ruɓe a irin wannan wuri marar iska kuwa, iskar mitan yake fitarwa, wadda ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba.

Ko a ƙasashen da ke da masana'antun taki, yawancinsu ba sa karɓar famfas saboda kashin ɗan Adam. Birnin Toronto na Kanada yana karɓa a kwandon sharar abinci, amma injin yana tace robar a kai ta juji, ɓargon itacen da ƙazantar kaɗai ake sarrafawa. Sannan inda famfas ke ƙarewa ba hukuma kaɗai ke yanke shi ba. A gabashin tsibirin Jawa na Indunisiya, iyaye da yawa sun yi imani cewa ƙona famfas na jawo wa jariri ƙuraje, don haka sai su jefa shi kogin Brantas, kogin da mutanen birnin Surabaya ke sha, har ƙungiyar kare muhalli ta Ecoton ta kafa ayarin masu tsamo shi. Mu ma muna da namu: mata da yawa ba sa yarda a ga jinin al'adarsu, wasu sukan wanke audugar kafin su yar, wasu su jefa masai, wasu su binne. Duk mai ƙirar da bai san wannan ba, ya yi wa wata ƙasa aiki. Hanawa da doka ma ba ta wadatar ba. Ƙasar Banuwatu da ke tekun Fasifik ta sanar da hana famfas a 2019, amma ta ɗage bayan ƙorafin jama'a, musamman mata, don su wankin zai koma wa.

Wannan ne ya sa na fi karkata ga ƙirar da ta raba abin gida biyu. Wando na waje mai hana yoyo, da robar cinya da maɓallinsa, a wanke a sake sawa watanni. Ƙunzugu na ciki kuma, wanda shi kaɗai ke ɓaci, a yi shi da zaren tsiro zalla, ba gam, ba leda. Da haka sassan da suka fi wuyar canzawa, wato roba mai talewa da manne da gam, sun fita daga shara gaba ɗaya. Ba sabon tunani ba ne, nafkin da wandon roba da iyayenmu suka yi amfani da su haka suke, illa dai na cikin yanzu taki zai tafi maimakon bahon wanki. A baya kamfanin gDiapers ya yi shekaru yana sayar da irin wannan ƙira, a Barlin kuma shirin Dycle yana karɓar ƙunzugun da aka ɓata daga iyaye, a haɗa da gawayi a yi baƙar ƙasa, a dasa itatuwan marmari da ita. Farashin wannan ƙira a bayyane yake: ba za ta kai dare guda cur ba kamar mai SAP, sai an ƙara yawan canji. Nafkin ɗin wanki ma bai faɗi ba. Binciken da ma'aikatar muhalli ta Birtaniya ta wallafa a 2023 ya nuna hayaƙin da yake jawowa ya gaza na famfas da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake ya fi cin ruwa. A unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa, wannan cin ruwan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Audugar mata ta fi famfas sauƙin kaiwa ga ruɓewa, kuma daga nan ya kamata a fara. Jinin da ke fita a duk tsawon al'ada guda yawanci bai kai abin da jariri ke fitsararwa a yini ɗaya ba, don haka zaren tsiro zai iya aikin ba tare da SAP ba. A Yuganda, Moses Musaazi na Jami'ar Makerere ya ƙirƙiro MakaPads daga ciyawar fadama ta fafirus da tsohuwar takarda, har 'yan gudun hijira suka riƙa yin ta a sansanin Kyaka. A Ahmedabad ta Indiya kamfanin Saathi yana amfani da zaren kututturen ayaba, wanda manoma ke sarewa su yar bayan girbi. A 2023 ɗakin binciken Manu Prakash a Jami'ar Stanford ya nuna hanyar mayar da zaren sisal, tsiron da ke jure fari, ya zama ɓargo mai shan ruwa a ƙaramar masana'anta. A duk waɗannan, aikin shi ne cire sinadarin da ke sa itace tauri don zaren ya buɗe ya yi laushi, sai kuma tsabtace shi daga ƙwayoyin cuta da rufe shi yadda ba zai yi fumfuna da damina ba.

Mu ma ba mu rasa abin gwadawa ba. Rama tana da dogon zare a ɓawonta, cikin karanta kuma soso ne mai shan ruwa, har ana shimfiɗa wa dabbobi shi a wasu ƙasashe. Kacalla ta cinye hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, manoma da masunta na neman yadda za su rabu da ita. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, ga audugar Funtuwa da Gusau. Dalilin tattalin arziki ma yana nan. Ɓargon itace da SAP duk da dala ake shigo da su, ko da an harhaɗa famfas ɗin a gida, kamar yadda Hayat Kimya na Turkiyya ke yin Molfix a Agbara ta jihar Ogun. A ƙarshen 2023 Procter & Gamble ya sanar da daina ƙera kaya a Najeriya, a 2024 kuma Kimberly-Clark mai Huggies ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu da bai daɗe da buɗewa ba. Duk zaren da aka samo a gona kusa yana rage wannan dogaro.

Muna kuma da abin da Barlin sai da ta ƙirƙira: manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar birni su zuba a gona a matsayin taki. Hanyar tana nan, amma a yau leda da famfas na bin ta su shiga gonar. Kafin ƙunzugun yara ya bi ta da gangan, dole a kashe abin da ke cikin kashin, ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce takin da ke da kashin mutum ya haura digiri 50 na aƙalla mako guda, kuma zafin ya ratsa ko'ina, wanda ke nufin tsibi babba da ake juyawa ana aunawa, ba rami a bayan ɗaki ba. Ya kamata kuma hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ta tilasta wa duk mai rubuta cewa kayansa na ruɓewa ya faɗi wane sashe, kashi nawa cikin ɗari, a wane irin wuri, cikin wata nawa.

Akwai waɗanda ba zan so a rage musu ƙarfin sha ba don a faranta wa muhalli. Tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, da matar da ke fama da yoyon fitsari tana jiran aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina ko na Danja ta jihar Maraɗi, fitsarinsu ba ya tsayawa, kuma bushewar fata a wajensu ita ce tsakanin lafiya da gyambo, tsakanin shiga mutane da ɓuya. Waɗannan suna buƙatar SAP har zuwa ranar da madadinsa zai kamo shi. Mafita a nan ita ce tattarawa. Japan, inda kamfanin Unicharm ya ce tun 2011 cinikin famfas ɗinsa na manya ya wuce na jarirai, ta bi wannan hanya: a garin Shibushi ana karɓo wanda aka ɓata, a wanke, a raba roba da garin sha-ruwa, a tsabtace ɓargon da iskar ozon, a sake yin sabon famfas da shi. Irin wannan aiki tsadarsa a wajen tarawa take, bi gida-gida. Asibiti da ɗakin haihuwa da gidan renon yara kuwa sun riga sun tara nasu wuri guda kullum, mota ɗaya ta isa ta kwashe.